Filin Walmart da Sansanin Kwana: Ya Dace a Auna Su da Mudu Ɗaya?

A Amurka akwai motocin da ake kira RV, waɗanda gida ne sukutum a kan taya: gado, kicin, banɗaki, firji, wasu har da falo. Manyansu sun kai tsawon ƙafa 45, kamar doguwar bas. Wasu kuma tirela ce da ake ɗaura wa a-kori-kura ta ja. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Duk wanda ya mallaki irin wannan motar tafi-da-gidanka, ko ya ɗauko hayarta don hutun mako biyu, tambaya ɗaya ke jiransa kullum idan la'asar ta yi sakaliya: yau ina za a yada zango?

Amsa biyu ce a gabansa. Ko ya shiga sansanin da aka gina domin irin motarsa, ya biya kuɗi, ya jona wuta da ruwa. Ko kuma ya lallaɓa can ƙarshen filin ajiye motocin wani babban kanti irin Walmart, ko gidan abinci irin Cracker Barrel, ya kashe inji, ya ja labule, ya kwana kyauta, asuba ta gari ya kama hanya.

Gardamar da ta daɗe tsakanin matafiyan nan ita ce ko irin waɗannan filayen sun cancanci a rubuta musu sharhi, a ba su taurari, a jera su kafaɗa da kafaɗa da sansanoni na gaskiya. Manhajoji irin su Campendium da iOverlander da AllStays suna nuna wa matafiyi nau'o'in biyu a taswira. Wasu na ganin hakan taimako ne babba. Wasu na ganin ɓata ma'auni ne, domin sai ka tarar da shimfiɗar kwalta a bayan kanti ta samu taurari biyar saboda kawai ba a biya ko sisi ba, alhali sansanin gwamnatin jiha da ke bakin tafki ya tashi da uku don wani bai samu intanet mai ƙarfi ba.

Ni ina tare da masu cewa a rubuta. Amma ba na tare da masu zuba su a kwando ɗaya, kuma dalilin zai fito idan aka duba abin da kowanne wuri yake bayarwa.

Sansani kasuwanci ne da aka gina a kan alkawari. Kamfanin KOA, wanda ya fi kowa suna a harkar, ya fara ne a 1962 a garin Billings na jihar Montana, lokacin da wanda ya kafa shi, Dave Drum, ya ga motoci na ta wucewa zuwa baje kolin duniya da aka yi a Siyatil, ya ware musu fili a bakin kogin Yellowstone da wurin wanka da ɗan kanti. Yau rassansa sun haura 500. Abin da mutum ke biya a irin waɗannan wurare a bayyane yake. Akwai wutar lantarki, mai amfiya 30 ko mai 50, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: ta farko kusan wat 3,600 take bayarwa, ta biyu ta kai 12,000, wato ita ce za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki biyu a lokaci guda a zafin Teksas. Akwai famfon ruwan sha. Akwai ramin da ake juye ƙazanta, wanda shi ne ainihin abin da ke yawan tilasta wa matafiyi komawa sansani komai ƙin kashe kuɗinsa, saboda motar tana da tanki biyu a ƙarƙashinta, ɗaya na bayan gida, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, kuma iyali mai yara kan cika su cikin 'yan kwanaki. Sai wurin wanki, da tebur, da murhun gashi, da dokar yin shiru daga wajen ƙarfe goma na dare.

Tunda akwai alkawari kuma akwai kuɗi, sharhi yana da abin kamawa. An ce akwai wuta mai amfiya 50, to akwai? Tana tsayawa ko tana rawa idan kowa ya kunna sanyi? An ce filin a miƙe yake, to ko sai da ka tara katako a ƙarƙashin taya? Ƙungiyar Good Sam, wadda aka kafa a 1966, ta daɗe tana auna sansanoni da maki uku, kowanne daga ɗaya zuwa goma: cikar kayan aiki, tsabtar banɗaki da wurin wanka, sai kyawun wurin da muhallinsa. Ka ɗauki wannan ma'auni ka kai shi filin Walmart. Kayan aiki babu. Banɗaki na cikin kanti ne, kuma tun bayan annobar korona ta 2020 kantunan sun daina kwana a buɗe, yawancinsu ƙarfe 11 na dare suke rufewa. Kyawun muhalli kuwa, fitilu ne masu haske kamar rana da amalanken sayayya. Da wannan awo filin zai tashi da sifili uku, alhali matafiyin da ya kwana lafiya ya tashi garau zai rantse maka cewa wurin ya yi masa duk abin da ya nema. Shi ma gaskiya ya faɗa, ma'aunin ma bai yi ƙarya ba. Abin da aka ɗora a kai ne ba nasa ba.

Filin kanti bai yi wa kowa alkawarin komai ba. Matsayin Walmart a rubuce shi ne suna barin masu RV su kwana inda hali ya yi, ba sa ba da wuta ko wani abu, kuma manajan kowane reshe ne ke da ta cewa, gwargwadon sararin fili da dokar garin. A wasu wuraren ma filin ba na kantin ba ne, na mai ƙasar da ya ba su haya ne, kuma shi bai yarda ba. Saboda haka cikin rassa sama da 4,500 da suke da su a Amurka, da yawa sun kafa allon hana kwana, musamman a manyan birane da garuruwan yawon buɗe ido. Wanda ya kwana a irin wannan fili baƙo ne da aka yi wa alfarma. Shi ya sa nake jin ba daɗi idan na ga an ba fili tauraro ɗaya an rubuta cewa motar shara ta hana barci da ƙarfe uku na dare. Ai lokacin aikinta ke nan, kuma a gidanta take.

To me ya sa duk da haka nake cewa a rubuta? Saboda bayanin da matafiyi ke buƙata game da fili ya fi na sansani gaggawa, kuma babu inda zai same shi sai a bakin wanda ya riga shi. Sansani yana da lambar waya, da ofis, da hotuna, da tsarin kama wuri tun kafin a taso. Da yawa daga cikin na gwamnatin tarayya ma ana buɗe rajistarsu wata shida kafin ranar, a shafin intanet na Recreation.gov. Fili ba shi da ko ɗaya. Ka ɗauki mutumin da ya taso daga Luwiziyana zai je Arizona a kan babbar hanya mai lamba 10. Jihar Teksas kaɗai a kan wannan hanya ta haura kilomita 1,400. Dare ya yi masa a tsakiya, idonsa na lumshewa, yana jan abu mai nauyin tan goma. Ba ya neman wurin ninkaya. Yana son ya san ko reshen da ke gaba yana barin kwana, ko za a ƙwanƙwasa masa ƙofa da ƙarfe biyu a ce ya tashi, ko mashigar filin na da ƙarfen da aka gitta a sama wanda doguwar mota ba za ta wuce ba. Mashigar da ke da irin wannan ƙarfe ta isa ta fige na'urar sanyin da ke kan rufi. Layi biyu daga wanda ya kwana a can makon jiya sun fi masa dogon yabo amfani, kuma hana shi waɗannan layukan don kawai a tsare martabar kalmar sansani bai kamata ba.

A nan ne babban bambancin yake, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: sharhin sansani yana daɗewa bai lalace ba, na fili kuwa da wuri yake rubewa. Idan aka ce wani sansani yana da inuwar itatuwa da filaye masu faɗi, bayan shekara uku ma da wuya ka tarar da akasin haka. Amma izinin kwana a fili yana iya tashi cikin dare ɗaya. An canza manaja. Majalisar gari ta yi sabuwar doka. Wani ya zubar da tankin bayan gida a magudanar ruwan sama. Idan manhaja ta tara taurarin shekara biyar ta raba, za ta nuna maka huɗu da rabi a wurin da aka hana kwana tun watan jiya. A sansani matsakaicin maki yana nufin wani abu. A fili, kwanan watan sharhin ƙarshe shi ne komai.

Masu adawa da rubuta sharhin suna da hujja ɗaya da ba zan raina ba, kuma ba ta da alaƙa da taurari. Suna cewa tallata wuri shi ke kashe shi. Fili mai shiru da motoci biyu ko uku ke kwana ba wanda ya damu, da zarar ya shiga taswira da yabo sai ya zama ashirin. Cikin ashirin ɗin sai an samu wanda zai baza rumfa, ya fito da kujeru, ya hura gawayi, ya kunna janareta har asuba, ya kafe jak ɗinsa a kwalta mai laushi da zafin rana ya bar rami. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta daɗe da fitar da ƙa'idojin zaman lafiya da masu fili, kuma sauran ƙungiyoyin matafiya da dama sun amince da su: dare ɗaya kawai, a nemi izini daga wanda ke da ikon bayarwa, a bi abin da allo ya ce, ban da rumfa da kujera da gashi, ban da kafa jak a ƙasa mai laushi, a sayi mai ko abinci ko wani abu a matsayin godiya, a bar wurin fiye da yadda aka same shi tsabta. Duk wanda ya duba waɗannan ƙa'idoji zai ga cewa su kansu matafiyan ba su ɗauki fili a matsayin sansani ba. Duk abin da ke sa sansani ya yi daɗi, shi ne daidai abin da aka hana a fili.

Amsata ga wannan hujja ita ce ɓoyewa ta riga ta gagara, tunda kowa da waya a hannunsa. Abin da ya rage shi ne irin rubutun da za a yi. Sharhin da ya ce na shiga na tambayi manajan dare, ya nuna mini gefen da zan tsaya, ya ce a tashi kafin ƙarfe takwas, yana koya wa na baya ladabi. Wanda ya ce mun yi kwana huɗu ba wanda ya kula mu, gayyatar rufe wurin yake yi. Kuma idan aka jera fili a shafi ɗaya da sansanoni, da irin tambayoyin da ake yi musu, sabon shiga zai ɗauka shi ma wurin shimfiɗa tabarma ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin raba su.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Ba duk wanda ke kwana a mota ne ɗan yawon shaƙatawa ba. Tsadar haya a Amurka ta sa mutane da yawa zama a cikin motoci dindindin, kuma garuruwa na ta ƙara tsaurara doka, balle bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2024 a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, wanda ya ba birane damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Masu sansanoni ma a wasu garuruwa sun sha matsa wa hukuma ta hana kwanan fili, don suna ganin ciniki ne ke tsere musu. Mai rubuta sharhi ya kamata ya san da haka, ya faɗi abin da ya gani game da tsaro ba tare da wulaƙanta wanda talauci ya kai shi wurin ba.

Inda na fi tsananta ra'ayi shi ne tashoshin manyan motoci irin su Pilot Flying J da Love's da TA. Mu da muka san Tafa da Mararrabar Jos mun san yadda tireloli ke jeruwa da dare: direba bai tsaya don sha'awar wurin ba, jiki ne ya ce a tsaya. A Amurka kuwa har da doka a kai. Direban babbar mota ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, sannan dole ya huta awa 10 a jere, kuma na'ura ce ke ƙirga masa. Wuraren fakin nasu ba su isa ba. A 2009 aka kashe wani direba, Jason Rivenburg, a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi a Karolina ta Kudu, inda ya tsaya ya kwana, kuma da sunansa aka yi dokar 2012 da ke neman a ƙara wa direbobi wuraren hutawa. Mai motar shaƙatawa da ya mamaye gurbin direba ya tura wani ya kwana a gefen titi. Don haka duk sharhin tashar mai da bai bambanta gurbin RV da na tirela ba, cutarwa yake yi. Idan babu gurbin RV a tashar, a rubuta haka ƙarara, a wuce.

Wuraren hutawa na gefen babbar hanya ba sa buƙatar dogon bayani, dokar jiha ce ke magana. Teksas na barin awa 24, Kalifoniya awa 8, Fulorida awa 3 kacal ga wanda ba direban kaya ba. Sharhi a nan ya faɗi dokar, ya faɗi ko akwai mai gadi da haske.

Tsakanin fili da sansani akwai wasu wurare da ke rikita lissafi. Harvest Hosts tsari ne da mutum ke biyan kuɗin shekara, ya samu damar kwana ɗaya a gonaki da gidajen tarihi da gonakin inabi, da sharaɗin motarsa na da banɗakinta, kuma ana sa ran zai sayi wani abu a wurin mai masaukin. Love's ta fara gina gurabe masu wuta da ruwa a wasu tashoshinta, ana biya. Wasu rassan kantin kayan farauta da kamun kifi na Cabela's na da wurin juye tanki. Gidajen caca a Nebada da wasu jihohi na barin kwana a filayensu, ko da yake Musulmin da ke tafe da iyalinsa zai fi son ya san haka tun daga nesa don ya nemi wani wuri, wanda shi ma aikin sharhi ne. Sai filayen gwamnatin tarayya da hukumar filaye ta BLM ke kula da su a yammacin ƙasar, inda ake barin mutum ya zauna har kwana 14 kyauta ba wuta ba ruwa, irin na kewayen Quartzsite a Arizona da ke cika maƙil da masu gudun sanyin arewa a watan Janairu. Wannan na ƙarshe ni a wurina zama ne na sansani ko da babu famfo, domin an yarda ka baza rumfarka ka zauna. Ƙa'idar da nake bi wajen rabewa ba kuɗi ba ce, ba kuma wuta ba. Tambayar ita ce: an yarda ka zauna, ko an yarda ka kwana ne kawai?

Turai ta daɗe da warware wannan. A Faransa da Jamus ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa na ware wa motocin gida wuraren tsayuwar dare, sau da yawa da famfo da wurin juye tanki a kan kuɗi kaɗan, kuma littattafan jagora suna lissafa su a rukuninsu daban da sansanoni. Ba wanda ke shiga irin wannan wuri yana neman wurin wasan yara, saboda sunan rukunin ya riga ya gaya masa abin da zai tarar.

Ga wanda ke shirin tafiya kuwa, zaɓin ya danganta da daren da ake magana. Idan dare ne na tsakiyar hanya, za ka iso bayan isha ka tashi da asuba, tankunanka da saura, batirinka a cike, yanayi kuma ba zafi, biyan dala 50 ko 70 don barcin awa bakwai asara ce, fili ya wadatar. Cracker Barrel, mai rassa sama da 600, yawanci yana da dogayen gurabe a bayan gini, kuma ya fi filin babban kanti shiru bayan an rufe, sai dai guraben kaɗan ne kuma babbar mota na iya shan wuyar juyawa. Idan kuwa lokacin bazara ne a kudancin ƙasar, kada ka yaudari kanka. Kwalta na riƙe zafin rana har tsakar dare, na'urar sanyi ba ta aiki da ƙaramin batir, janareta kuma na damun maƙwabta, hayaƙinsa na iya shiga ta taga ya yi kisa ba a ji warinsa ba. Ranar nan sansani mai wuta ba almubazzaranci ba ne. Haka idan akwai ƙananan yara da ke buƙatar su sauko su yi gudu, ko tsoho mai na'urar numfashi da ke son wuta tsawon dare, ko za a bar motar a tafi yawo da rana. Ba a barin mota a filin kanti a tafi kallon gari. KOA ma ta gane akwai masu wucewa kawai, shi ya sa ta ware wasu rassanta da ke bakin manyan hanyoyi da sunan Journey, masu guraben da ake shiga ta wannan gefe a fita ta wancan ba sai an kwance tirela ba. Mafi yawan waɗanda suka daɗe a hanya haɗawa suke yi: dare ɗaya ko biyu a fili, na gaba a sansani don a juye tanki, a cika ruwa, a yi wanki, a caja batir.

Idan ka buɗe manhaja za ka karanta sharhin fili, ka manta da taurarin, ka fara da na baya-bayan nan. Ka duba ko mai rubutun ya tambayi izini, kuma wa ya tambaya, domin yaron da ke tara amalanke ba shi ne manaja ba. Ka duba girman motarsa, saboda inda ƙaramar bas ta shige ba lalle mai ƙafa 40 ta shiga ba. Ka duba ko ya ambaci gangaren fili, tunda firjin gas na irin waɗannan motoci ba ya son karkata. Idan sharhin ƙarshe ya haura 'yan watanni, ka ɗauke shi labari ne kawai, ka kira reshen da rana tun kana nesa, ka nemi manajan da ke bakin aiki, ka tambaye shi ko ana kwana da kuma wane gefe yake so ka tsaya. Ka riƙe sunan wani wuri na biyu a gaba ko da za a ce a'a. In ka kwana, washegari kai ma ka rubuta naka da kwanan wata, da amsar da aka ba ka, da tsawon motarka.